Kitson Takabar Hajjo a Shekarar Korona

Hajjo ta Gwandu ba mai zama ba ce, kowa ya sani. In ka je gidanta da hantsi a ce maka ta tafi barka, ka koma da la'asar a ce tana Malisa wurin gaisuwar mutuwa, mutuwar da dangin mamacin ma ba su gama ji ba. Mijinta Malam Haliru mai albasa ya yi faɗa har bakinsa ya gaji. Daga baya sai ya koma in ta dawo ya gyara mata tabarma, ya ce to, mi anka yi a gari.

Shi ne Allah ya karɓi abinsa farkon sanyi, ana tsakar dashen albasa, Hajjo ta shiga takaba.

Yayarta Laraba ce ta taho daga Kalgo ta sa ta. A gidansu haka anka gada. Babbar mace cikin dangi ita za ta zaunar da ke, ta yi maki kitson takaba ba mai ba turare, ta ɗaura maki zane guda da kallabi guda. Kuma wadda ta yi kitson ita za ta tsefe shi. In kwanaki sun cika ta dawo, ta tsefe, ta wanke maki kai, ta tattara zanen da kallabin ta tafi da su, sannan ki shiga mutane. Malamai sun sha faɗa cewa babu wannan a littafi, kwana na cika an fita. Matan gidan su Hajjo ba su taɓa musu da malami ba. Sukan ce gaskiya ne Malam, su bari ya sa takalminsa, su aika a kira Laraba.

Wata huɗu da kwana goma Hajjo ta yi tana auna tsakar gida da ƙafa. Daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa rumbu, daga rumbu zuwa bakin zaure, ta tsaya ta ji ƙarar babura da muryar masu tallar fura, ta juyo. Kajin gidan har sun daina kauce mata. Kai kuwa ga shi nan, ƙaiƙayi tun yana na wasa har ya zama aiki, kullum tana da ɗan tsinke a gefen kallabi.

Kwanaki sunka cika tsakiyar Sha'aban. Ta sa surukarta Hafiza ta kwaɓa lalle, ta fiddo sabon zane ta shimfiɗa bisa gado, ta tsara gidajen da za ta bi ban gajiya, unguwa unguwa. Rana ta take, rana ta yi sanyi, ba Laraba. Da aka kira Kalgo a waya Ashiru ɗan Laraba ne ya ɗauka, mai kemis, ya ce a yi haƙuri, ana wata cuta wai ita korona, tsofaffi take bi, uwarsa kuwa ga fuka, ba inda za ta.

To 'ya'yan Hajjo huɗu ne, kuma Allah ya watsa mata su. Babban, Lukuman, yana tuƙin mota a Jidda. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai ta ce Na Makka. Umar Faruk ya bi albasar ubansa har Kumasi ya zauna, shi ne Na Gana. Habiba na aure a Yamai. Autansu Muzzammil kaɗai ke gida da matarsa Hafiza, malamin firamare ne, kuma an rufe makarantar. Ranar sadakar bakwai ta ubansu ukun nan na waje sunka raba watanni tsakaninsu, kowa da watan da zai riƙe gida, hatsi da cefane da maganin ƙafarta. Sha'aban na Lukuman ne.

Da yamma ya kira, Muzzammil ya buɗe muryar wayar ya ajiye bisa turmi.

"Inna, ba ku san abin nan ba ne. Nan ko kyanwa ta fito titi sai an tambaye ta takarda. An rufe masallatai. Ka'aba kanta ba mai ɗawafi sai masu shara."

"Allah ya kyauta. To ni Kalgo kawai nike son a ɗauko mini Yaya."

"Ba mai zuwa ba mai tafiya. Muzzammil, kana jina? Ka sayo kwaɗo babba ka sa ma zaure. Yadda muke nan haka za ku zauna."

"Kai yaro, nan fa Gwandu ce."

"Watana ne, Inna. Ni ke riƙe da gida, maganata za a bi. In watan wani ya kama ya yi yadda ya ga dama."

Hajjo ta zaro tsinkenta ta sosa kai.

Muzzammil kuwa yaron kirki ne, irin kirkin nan mai gajiyar da mutum. Ya sayo kwaɗo ya garƙame zaure, ya rataya makullin a wuya. Kullum da hantsi sai ya buɗe ya fita, ya kulle daga waje, ya je gindin dalbejiya inda tsaransa ke taruwa kafaɗa da kafaɗa suna tattauna haɗarin cunkoso. Kasuwar Gwandu na ci abinta. Ranar kasuwa Hajjo takan ji kukan jakuna da ihun masu amalanke ta bisa katanga, ƙafafunta su riƙa motsi su kaɗai.

"Inna," in ji Muzzammil wata rana, "na tambayi liman. Ya ce kin fita takaba tuni. Ki bari Hafiza ta tsefe maki ki huta da sosa."

"Gaskiya ne Malam."

"To in kira ta?"

"In Hafiza ta taɓa kan nan, Yaya ba za ta ƙara taka gidan nan ba har ta mutu. Ni kuma duk gidan da na shiga, kafin a amsa mini sallama za a dubi kaina a dubi juna. Kai liman ne zai zauna da su ko ni?"

Daga nan ta kama wani aiki da ba a san ta da shi ba, tambayar dokar ƙasashe. Duk wanda ya kira, kafin a gama gaisuwa ta ce to ku can yaya kuke yi.

Habiba ta ce su a Yamai da rana kowa na harkarsa, magariba na yi soja su cika titi. An hana jam'i, samari sun ƙona tayoyi a kan haka. Kuma ba a shiga garin ba a fita, mijinta ya maƙale a Doso da buhunan wake.

Umar Faruk ya ce su Kumasi da Ankara aka rufe, ƙauyuka na sake. Albasarsa na cikin mota tana zubar da ruwa, wari ya hana shi barci. Ya ce ko'ina an kafa bokiti mai famfo da sabulu, kuma ana rabon dafaffiyar shinkafa, in ka ga turmutsutsun da ake yi wurin karɓa sai ka ce cutar ake rabawa.

Akwai kuma Malama Tabita, 'yar Zuru, maƙwabciyarsu, wadda ɗiyarta Mercy ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Hajjo takan kifa turmi gindin katanga ta hau, Tabita ta hau kujera daga nata ɓangaren, kawuna biyu bisa katanga kamar tulunan da aka shanya.

"Su can an yarda ka fita sau ɗaya a yini ka miƙe ƙafa," in ji Tabita. "Amma ba ka zuwa gidan kowa, ko na uwarka. Mercy ta ce tsofaffin da take kula da su ta gilashin taga 'ya'yansu ke ɗaga masu hannu. Kuma ta ce akwai wata ƙasar sanyi can gaba da su, su ba su rufe komi ba, cewa kawai anka yi kowa ya yi hankali."

"Sun mutu?"

"Ana mutuwa can, ana mutuwa can."

Hajjo ta jinjina kai. "Cuta ɗaya, Malama. A Yamai sai da dare take fitowa. A Makka ba ta barci. A Ingila takan ba mutum dama ya miƙe ƙafa. A Gana manyan garuruwa take so. Mu nan Gwandu makaranta kaɗai ta sani, sai gidan Malam Haliru."

Ta sauko daga turmin ta ci gaba da zagaye. Zafi ya shigo sosai, irin na ƙarshen bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa. Lallen da Hafiza ta kwaɓa ya bushe a kwano ya tsattsage. Zanen takaba ya koɗe a gwiwa. Wani lokaci cikin zagayen sai ta tsinci kanta tana faɗa wa ƙofar turakar marigayi abin da Tabita ta ce, ta tsaya, ta yi tsaki, ta wuce.

Ana saura kwana kaɗan azumi Umar Faruk ya kira yana dariya.

"Inna, an buɗe mu. Shugabansu ya ce talaka ba zai iya ba, a fito a nemi abinci, a dai rufe hanci."

"Albasar fa?"

"Rabi ta tafi. Amma mun fito."

"Madalla. Allah ya mayar da alheri."

Hafiza dai ta lura ran nan tsohuwa ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Ranar da anka ga wata, magariba na yi gari ya ɗauki hayaniya, yara na ta ihun an gani an gani. Da safe bayan an yi sahur an yi salla, rana ta ɗan ɗaga, Muzzammil ya fito da makullinsa a wuya ya ishe uwarsa tsaye bakin zaure da ƙullin kaya a ka.

"Inna, lafiya?"

"Yau wane wata?"

"Ramadan, ɗaya ga wata."

"Watan wa?"

Ya tsaya ya yi lissafi da yatsu, malamin makaranta guda. "Na Yaya Umar Faruk."

"To buɗe. Yau Gana muke."

Ya kira Jidda. Lukuman ya yi ta faɗa, muryarsa na fita daga wayar kamar an taka kaza, ya ce wannan wasa da rai ne, ya ce ko a Makka yau ba mai tarawi. Hajjo ta bari ya sauke, sannan ta sunkuya ga wayar.

"Wa ya ce in watan wani ya kama ya yi yadda ya ga dama? Hafiza na nan, turmin nan ma yana nan."

Anka kira Kumasi. Umar Faruk, da ke jin haushin wansa tun rabon gonar fadama, ko numfashi bai ja ba ya ce a buɗe mata, a dai ba ta takunkumi. Ya ƙara da cewa a cire kwaɗon baki ɗaya a aika ma mai shi.

To akwai ƙa'ida. In wadda ta sa ki takaba ba ta iya zuwa, ke kina iya je mata, amma da zanen takabarki, kanki ƙasa, ba gaisuwa, ba tsayawa, ba amsa kowa. Wanda ya san Hajjo ya san wannan ya fi kwaɗo zafi. Daga ƙofar gida zuwa tasha ta wuce gida uku da aka yi haihuwa ba ta je ba, ta wuce mai ƙosai da ta yi sabon haƙorin Makka, ta wuce wani gini da ba ta san wa ya tayar da shi ba. Mata na cewa a'a, Hajjo ce, an fito ke nan, ita kuwa tana taune leɓe cikin ƙyallen da Hafiza ta ɗaura mata a fuska. Muzzammil ya so raka ta har Kalgo, ta girgiza kai ta nuna mashi hanyar gida da haɓa.

A tasha doka ta ce mutum uku a baya. Direba ya ɗauki uku, ya wuce shingen 'yan sanda yana ɗaga masu hannu, ya zagaya bayan wata kuka ya ishe sauran fasinjansa zaune suna jira. Sunka zama biyar da akuya. Wani dattijo mai jar hula ya faɗo kusa da Hajjo, cinyarsa bisa tata. Tari yake, busasshe, yana tarewa da gefen babbar riga in ya tuna. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara ba da labari. Daga Kano yake, ta daji ya biyo, babur zuwa babur, don an rufe iyakar jiha. Ya ce a unguwarsu masu haƙar kabari sun gaji. Ya ce duk manya ne, wanda kuka gaisa jiya yau a ce maka an kai shi. Ya lissafo limami, ya lissafo wani mai goro, ya yi tari, ya ci gaba.

Da a ce ranar Hajjo na da baki, da ta san sunan unguwar da na matan mai goron. Sai ta juya fuska ga taga, iska mai zafi na dukanta, har Birnin Kebbi. Can ta sake mota zuwa Kalgo.

Azahar ta gota ta isa gidan Ashiru, maƙoshi kamar an zuba toka. Shi Ashiru ba shi da kowa a waje, waya ce ƙasarsa. A cikinta ya ga yadda mutanen Sin sunka yi, ya ce duk duniya su kaɗai sunka san abin da suke yi. Ya ɗaure igiya daga ginshiƙin zaure zuwa bishiyar dalbejiya ta raba tsakar gida biyu. Ɗakin uwarsa na can bayan igiya, ba mai ƙetarawa sai matarsa, ita ma sai ta yi wanka ta sake kaya. Shi kansa daga nesa yake gaishe ta.

Ya fito ya ga Hajjo, ya ja baya taku biyu ya durƙusa can.

"Inna Hajjo. Sannu da hanya. Wa ya bari kika fito?"

Cikin gidan Yaya take yanzu, baki ya buɗe. "Gana."

"Wa?"

"Ba ruwanka. Ɗage igiyar nan in wuce."

"Inna, ki yi mini rai. Ba a ƙetarawa."

"A Yamai da rana ana yawo."

"Nan ba Yamai ba ne."

"A Ingila ana ganin tsofaffi ta taga. Ta miƙo hannu ta taga, ni in zauna waje."

"Hannun ne ai matsalar, Inna. Da numfashi."

Sai murya ta fito daga ɗakin can, siririya, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Wa nike ji kamar Hajjo? Ke 'yar nan, sai yau?"

"Yaya, ɗanki ya ɗaure ki kamar tunkiya."

"Shigo ki rabu da shi. Ni na haife shi."

Hajjo ta kama igiya ta ɗaga. Ashiru bai taɓa ta ba, ba zai iya ba, ya dai tsaya yana murza hannu. Ya ce, a hankali, "Inna, a mota wa ya zauna kusa da ke?"

Ƙarya na nan kusa, kuma Hajjo ba baƙuwarta ba ce. Mata ne zalla, 'yan Malisa, lafiyayyu kamar shanun Fulani, har ta shirya ta a baki. Amma gidan ya yi tsit, kuma daga ɗakin tana jin numfashin Laraba, shiga da fita, da ɗan fito a ƙarshensa kamar iska ta samu ramin gora. Haka uwarsu ta riƙa yi shekarar da ta tafi. Ta tsaya da igiya a hannu, kanta na mata ƙaiƙayi kamar an watsa tururuwa.

Ta saki igiyar.

"Wani ne mai jar hula. Daga Kano. Yana tari."

Ashiru ya runtse ido.

"To su mutanen naka na Sin," in ji ta, "in baƙo ya zo masu da irin wagga, kashe shi suke yi?"

"Killace shi suke yi. Ɗaki shi kaɗai, sati biyu. In bai yi zazzaɓi ba ya shiga mutane."

"Ina ɗakin?"

Ɗakin ajiyar shinkafa ne, jikin na Laraba, bango ɗaya ya raba su. Anka janye buhuna gefe, anka shimfiɗa tabarma, anka ajiye buta da fitila. Wadda ta ci Saudiyya da wayo ta shiga da ƙafarta, Ashiru ya ja ƙofa.

Taku huɗu ne tsawonsa, a nan ta yi ta kai da komo da azumi a baki. Ta san kowane buhu, ta san ɓeran da ke zuwa da wanda ke aiko ɗansa. Da an sha ruwa a turo mata kunu da kifin garin Diggi ta ƙarƙashin ƙofa, Ashiru ya tsaya waje ya ce Inna jiki da zafi, ta ce da zafi mana, ɗakin nan ko buhu ka taɓa da zafi. Duk sanda maƙoshinta ya yi ƙaiƙayi sai ta danne, ta kwanta tana sauraren ƙirjinta, tana jin haushin jar hula. Lukuman ya kira ya ce ai ga shi nan, abin da ya faɗa ne. Ta ce a gaya mashi ta gode, Sin ta fi Saudiyya iya kifi.

Abin da ya riƙe ta bangon ne. Akwai wata kafa can sama inda azara ta shiga, murya na wucewa. Laraba ta kwana biyu ba ta samu abokin magana ba, sai ta buɗe. Sunka bi matattu ɗaya ɗaya, sunka bi masu rai, sunka sake faɗan wata tasa ta uwarsu da ta ɓace tun kafin a haifi Ashiru. Wani lokaci Hajjo na tsakar labari sai ta ji shiru, ta tsaya, sai ta ji ɗan fiton nan, ta ci gaba.

Sati biyu sunka cika ba zazzaɓi ba tari. Ashiru ya sa anka dafa ruwa, ta yi wanka da sabulun kemis mai warin asibiti, ya ɗage igiya da kansa.

Laraba ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya bisa gado, amma idon nan na nan. Ta dubi ƙanwarta sama da ƙasa.

"Kin tsufa."

"Na ishe ki."

"Zauna."

Hajjo ta zauna ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ta zame kallabi. Kitson ya cuɗe ya dunƙule, ba ka gane layi. Laraba ta ɗauki kibiya ta yi bisimilla ta kama na gefen kunne. Tana yi tana tsayawa, tana ba da labarin wata mata a Dangoma da ta haifi 'yan uku. Har la'asar guda biyu ta tsefe. Ta ajiye kibiya ta ce yatsunta sun ƙage, sai gobe.

Washegari ta tsefe ɗaya. Rana ta uku ta ce kanta na sarawa, ta kuma tuna ba ta gama labarin tasar nan ba.

Hajjo na zaune tana kallon yatsun da anka ce sun ƙage suna ɓare gyaɗar buɗa baki, ƙwas ƙwas, ko gardi albarka. Ta dubi ƙofa. Daga nan ana jin masu kifi suna kiran ciniki a bakin hanya.

"Yaya, a haka sai Salla."

"In ta kai Salla mi ya ɓaci? Wa ke jiranki?"

"Gwandu."

"Gwandu ta yi wata biyar ba ke, ba ta rushe ba." Ta ci gaba da ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba. "Kina fita ƙofar can yaron nan ba zai bari ki dawo nan ba. Sai wani sati biyun. Ke kuwa na san ki, ba ki ƙara shiga ɗakin shinkafa don ni."

Gaskiya ce, kuma Hajjo ba ta ga amfanin rantsuwa da azumi a baki ba.

Ta matsa ta zauna inda take zama. Ta ɗauko kibiya ta sa a tafin Laraba, ta naɗe yatsun tsohuwar a kai, ta rufe da nata hannun, ta ɗaga duka biyun ta kai bisa kanta.

"Mi kike yi haka?"

"Ke ke tsifa. Ni riƙe maki nike, tunda sun ƙage."

Laraba ta ja hannu, Hajjo ta riƙe. Sunka yi ɗan kokawa, tsofaffi biyu da kibiya ɗaya, har tsinin ya soki Hajjo a fatar kai ta ce wash. Sai Laraba ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da fito.

"Sake ni, kar ki huda kanki a ce ni ce. Ko tsifa ba ki iya ba."

Kafin azahar Laraba ta gama tas. Ta wanke mata kai da kanta, a zaune, matar Ashiru na zuba ruwa. Ta shafa mata man shanu, ta yi mata kitso manya guda shida, ta ja su da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Ta karɓi koɗaɗɗen zanen da kallabin ta ninke ta tura ƙarƙashin matashinta. Hajjo ta ɗaura sabon zane, ta zizara kwalli, ta mayar da ƙyalle a fuska, ya zama idon kaɗai ake gani.

A bakin igiya Ashiru ya ce, "Inna, kin san in kin fita..."

"Na sani."

Ta sunkuya ta wuce. Ba ta nufi tasha kai tsaye ba, ta zagaya ta lungu, bayan ɗakin Laraba, inda wata 'yar taga take can sama. Ta ɗaga murya.

"Yaya, kina ji? Mai kifin nan na bakin hanya ba shi ba ne, wani ne gajere. An yi ma masallacinku sabon fenti, kore, bai yi kyau ba. Ga wata ta wuce da ciki, doguwa, mai tsagen Kabawa, ta shiga gida mai jar ƙofa."

"Matar Kamal ce," in ji muryar daga ciki. "Ciki gare ta? Tun yaushe?"

"Bari in shiga in tambaya."

Ta gyara kallabi, ta tsallaka kwata, ta yi sallama a gida mai jar ƙofa.